Jena: Birnin da Ya Yi wa Gilashi Shafe

Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara mai kyau, ya karkata gilashin gabanta wajen hasken taga, zai ga wani launi yana wasa a kansa, wani lokaci shunayya, wani lokaci kore, wani lokaci kuwa ruwan zuma. Da yawa suna tsammani launin gilashin ne, waɗansu ma cewa suke yi ado ne masu ƙira suka sa don a ƙara wa kaya kuɗi. Alhali kuwa wani shafe ne aka yi wa gilashin, siriri ƙwarai har ido ba ya iya ganin kaurinsa, kuma ba domin shi ba da ba a sami kyamarar nan mai faɗin gani ba, wadda ke kwashe masallaci da hasumiyarsa da jama'ar da ke gabansa ta zuba su cikin hoto ɗaya. Asalin wannan shafe wani matsakaicin birni ne na ƙasar Jamus, ana rubuta sunansa Jena, amma mutanen wurin Yena suke faɗi.

Birnin yana cikin jihar Turingiya, ɓangaren da a da ake kira Jamus ta Gabas. Matafiyin da ya sauka a filin jirgin sama na Frankfurt sai ya shiga jirgin ƙasa ya nufi gabas, ya sauya jirgi a Erfurt, ya wuce Weimar, daga nan abin da ya rage kilomita 20 ne da 'yan kai. Tun kafin a iso tasha ƙasar take sauya kama. Shimfiɗaɗɗun gonaki su ƙare, jirgi ya gangara cikin wani kwari inda kogin Saale ke ratsawa, ga duwatsun farar ƙasa sun tsaya masa dama da hagu, gindinsu daji, ƙirjinsu fari kamar an kankare. Mutanen garin wajen 110,000 ne, kuma kusan ɗaya cikin biyar ɗalibi ne, gama akwai jami'a a nan tun 1558. A kan tudun da ke bayan gari ne Napoleon na Faransa ya karya sojojin Furusiya ran 14 ga Oktoba, 1806. Ɗaya daga tashoshin jirgin ƙasa na garin sunanta Paradies, watau Aljanna, sunan wani lambu ne na bakin kogi, baƙo kuwa ba ya rasa yin murmushi in ya karanta abin da aka rubuta masa a tikiti.

Abin da ido ke fara cin karo da shi a tsakiyar gari wata doguwar hasumiya ce kewayayya, lulluɓe da gilashi tun daga ƙasa har bisa, tsawonta mita 144 da ɗoriya. Gwamnatin Jamus ta Gabas ce ta gina ta tsakanin 1970 da 1972 don ta zama gidan bincike na masana'antar Zeiss. Aka rushe wani sashe na tsohon gari wanda ya tsira daga bama-baman yaƙi don a sama mata fili, sa'an nan da aka gama sai aka miƙa ta ga jami'a, masana'antar ba ta zauna ciki ba. Mutanen gari ba su raga mata ba, suka laƙaba mata suna naɗin biskit. Duk da haka wanda yake son ya fahimci Jena can ya kamata ya fara hawa, gama akwai dandalin kallo a bisa, mita 128 daga ƙasa.

A nan ne mai kyamara zai gane amfanin abin da ya rataya a wuya. Gilashin kyamara, watau idonta, iri-iri ne, kuma da lambar milimita ake bambanta su, ƙanƙantar lamba faɗin gani. Na yau da kullum mai lamba 50 abin da yake ɗauka bai wuce digiri 47 na fili ba, kamar dai mai leƙe ta taga. Mai lamba 20 yana kai digiri 94, mai lamba 14 digiri 114, har akwai wanda kamfanin Canon ya fitar a 2015 mai sauka zuwa lamba 11, yana kwashe digiri 126. Da irin waɗannan mutum zai fuskanci gabas daga kan hasumiya ya haɗa dutsen Jenzig, da kogi, da jajayen rufin tsohon gari, da majami'ar Mika'ilu, duk cikin hoto guda, in bai yi hankali ba ma har da bakin takalminsa.

Sai dai fa rana ita ma tana shiga. Mai dogon ido ya iya kauce mata, amma mai faɗin ido ba shi da inda zai kai ta, ko tana cikin hoton, ko tana gefe tana dukan gilashin a karkace. To, yadda za a yi rana ta shiga ido ba ta wanke hoto ba, shi ne aikin da aka yi a manyan gine-ginen nan da ake hange a gindin hasumiyar ta yamma.

Makaniki, malami da mai narka gilashi

Wani makaniki ne ɗan Weimar mai suna Carl Zeiss ya buɗe ɗan shago a Jena a 1846, yana gyaran kayan awo na jami'a, yana sayar da tabarau. Shekara guda bayan haka ya koma titin Wagnergasse, wani siririn lungu wanda gidajen shayi da na abinci suka cika, ɗalibai suna zaune a bakin hanya. A nan ya fara ƙera madubin nan da likitoci ke duba ƙwayoyin cuta da shi. A zamanin nan da lalube ake aikin, a goge gilashi, a gwada, in bai yi ba a sake wani. Ana ba da labari cewa in madubi bai gamshi Zeiss ba, da guduma yake farfasa shi a gaban masu aiki. Da ya gaji da lalube sai ya nemi wani matashin malamin jami'a, Ernst Abbe, a 1866, ya ce ya lissafa masa yadda haske ke bi cikin gilashi. Abbe ya lissafa, tun daga 1872 aka riƙa ƙera madubai bisa lissafinsa, amma lissafin ya nemi waɗansu irin gilasai da ba a taɓa narkawa ba. Nan ne na ukunsu ya shigo, Otto Schott, masanin haɗa sinadarai, suka kafa ma'aikatar gilashi a 1884. Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, da madubin Jena ya yi aiki.

Cikin su ukun Abbe ne garin ya fi riƙewa, ba kuwa don lissafi kaɗai ba. Ɗan ma'aikacin masaƙa ne daga Eisenach, ya tashi yana ganin ubansa yana fita da duhu ya komo da duhu. Bayan rasuwar Zeiss a 1888 ragamar kamfani ta dawo hannunsa, da ya so da ya zama ɗaya daga manyan attajiran Jamus. Maimakon haka ya kafa gidauniya a 1889 da sunan abokinsa, ya mallaka mata masana'antar, ya rubuta mata doka wadda ta ba ma'aikata fansho da hutu da rabo daga riba, ta kuma hana a dubi asalin mutum ko addininsa ko jam'iyyarsa wajen ɗaukar aiki. A 1900 ya mai da aikin yini sa'a takwas, tun sauran masu masana'antu suna ganin haka hauka ne. Akwai wani ɗan gini mai kusurwa takwas da aka yi don tunawa da shi a 1911, yana nan a dandalin Carl Zeiss, daura da babban zauren taro da ya gina wa jama'ar gari.

Ɓarawon haske

Duk gwanintar mutanen nan akwai abu ɗaya da ya gagare su. Ko wane gilashi, kome kyawun gogewarsa, in haske ya faɗa masa daga iska sai ya mai da wajen kashi 4 cikin 100 baya, in zai fita ta ɗaya fuskar kuma ya sake ƙwace wani kashi 4. Shi ya sa mutum ke ganin fuskarsa a gilashin taga. Ga taga wannan ba kome ba ne. Amma idon kyamara ba gilashi ɗaya ba ne, gilasai ne a jere, ko wanne yana gyara karkatar da na gabansa ya jawo, kuma ko wace fuska sai ta karɓi nata haraji. Hasarar hasken ma ita ce mai sauƙi. Abin da ya fi muni shi ne hasken da aka mai da baya ba ya ɓacewa, kai da kawowa yake yi tsakanin gilasai, daga bisani ya zube a kan hoto kamar hazo, baƙi ya koma toka-toka, rana kuwa ta haifi 'ya'ya a jere daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Saboda haka masu ƙira na da suka zama marowata wajen gilashi. Paul Rudolph na Jena ya zana wani ido mai suna Planar a 1896, lissafinsa ya yi kyau ƙwarai, amma fuskokinsa takwas ne, hotonsa ya fito a dushe, bai karɓu ba. A 1902 ya zana Tessar mai fuskoki shida kawai, shi ne ya ci kasuwar duniya. Ido mai faɗin gani kuwa shi ya fi kowa yunwar gilasai. Mai karatu ya duba wanda kamfanin Nikon ya fitar a 2007, mai tafiya daga lamba 14 zuwa 24, gilasai 14 ne cikinsa a rukuni 11, watau fuskoki 22 masu taɓa iska. Da za a bar su tsirara, ko wace ta ɗauki kashi 4 nata, da kusan kashi 60 cikin 100 na hasken bai kai ga hoto ta hanyar da ta dace ba. Kilo guda na gilashi da ƙarfe, ga tsada, amma da tsohuwar kyamarar akwati ta fi shi fid da hoto.

An daɗe da jin ƙishin-ƙishin maganin. A 1886 wani masani na Ingila, Lord Rayleigh, ya lura cewa tsohon gilashin da fuskarsa ta dafe don daɗewa ya fi sabo barin haske ya wuce, abin da ya saɓa wa hankali. Wani ɗan ƙasarsa, Dennis Taylor, ya gwada tsofar da gilashi da gangan da sinadarai, amma abin bai yi daidai ko yaushe ba. Wanda ya kai ga gaci shi ne Alexander Smakula, ɗan manomi daga wani ƙauye kusa da Ternopil ta ƙasar Yukiren, wanda ya yi karatu a Gottingen ya kama aiki a Jena a 1934. Dabararsa ita ce a sa gilashi cikin wata tukunya da aka zuƙe wa iska sarai, a ƙona wani gishiri na ma'adini har ya zama tururi, tururin ya sauka a kan gilashin ya kwanta. Aka yi rajistar wannan fasaha a watan Nuwamba na 1935.

Yadda shafen ke aiki abin mamaki ne. Haske igiya-igiya yake tafiya, kamar ruwan tafki in an jefa masa dutse, tudu da kwari, tudu da kwari. In ya faɗa wa gilashi mai shafe, kaɗan zai komo daga saman shafen, kaɗan kuma daga gilashin da ke ƙarƙashinsa. To, in kaurin shafen ya zama daidai rubu'in tsawon igiya guda, sai tudun wannan ya faɗa cikin kwarin wancan, su kashe juna, hasken da zai komo baya ya wuce ciki abinsa. Kaurin da ake magana wajen kashi ɗaya ne cikin 10,000 na milimita, sai an jera ɗaruruwansa kafin a kai kaurin silin gashi. Da yake ko wane launi da tsawon igiyarsa, akan auna shafen da kore, wanda ke tsakiya, sai ja da shuɗi su ɗan tsira, su ne suke haɗuwa su ba da shunayyar da ake gani a tsofaffin kyamarori. Shafe ɗaya yakan rage kashi 4 zuwa ƙasa da kashi 2. Daga 1971, lokacin da kamfanin Asahi na Japan ya fito da mai hawa bakwai, da 1972 da Zeiss ya fito da nasa, sai aka koma jera shafe bisa shafe, hasarar ko wace fuska ta dawo ƙasa da rabin kashi ɗaya.

Ba masu ɗaukar hoto ne suka fara morar aikin Smakula ba. Gwamnatin Hitler ta mai da shi asirin soja, gama madubin hangen nesa mai shafe ya fi ganin abokin gaba da almuru, haka kuma na jirgin ruwa mai nitso da na saitin igwa. Wannan babi ne mai duhu a tarihin gidan, gama masana'antar da Abbe ya kafa bisa mutunta ma'aikaci ita ce ta yi aiki da dubban mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka ci da yaƙi, aka sa su aikin tilas.

Sakamakon bai daɗe ba. A watan Maris na 1945 jiragen sama suka ragargaza tsakiyar gari, a watan Afrilu sojojin Amurka suka shigo. Da yake an riga an yanka Turingiya cikin rabon Rasha, kafin Amurkawa su janye a ƙarshen Yuni sai suka loda sama da mutum 120 cikin manyan motoci, shugabanni da masana na Zeiss da Schott da iyalansu, suka kai su yamma, da akwatunan zane-zane. Smakula yana cikin waɗanda suka bar Jena a lokacin, daga baya ya ƙetara Amurka, ya zama shehun malami a jami'ar MIT, can ya rasu a 1983. Rashawa kuma a watan Oktoba na 1946 suka fara kwance injuna, suka kwashe fiye da kashi 90 cikin 100 na kayan masana'antar, suka tafi da ɗaruruwan ƙwararru. Injunan kyamarar Contax suka ƙare a birnin Kiyef. Waɗanda aka kai yamma suka kafa sabon Zeiss a wani ƙauye mai suna Oberkochen, aka wayi gari da kamfani biyu masu suna ɗaya, suka yi ta shari'a a kotunan ƙasashe har aka sasanta a London a 1971. A kasuwannin yamma da yawa kayan Jena ba su da ikon ɗaukar sunan Zeiss, sai dai a rubuta musu cewa daga Jena suke.

Abin da ya kamata a yaba wa waɗanda aka bari a gida shi ne daga ɗakunan nan da aka share suka sake tashi. A 1950 suka fitar da ido mai faɗi mai suna Flektogon, a farkon shekarun 1960 kuma suka kai shi lamba 20, da gilasai goma, abin da ba zai yiwu ba sai da shafe. 'Yan'uwansu na yamma suka ƙera idon da 'yan sama jannatin Amurka suka ɗauki hoto da shi a duniyar wata a 1969, su kuma na Jena kyamararsu ta hau kumbon Rasha a 1976. Bayan haɗewar Jamus a 1990 wata guguwar ta sake tasowa, aka rarraba masana'antar, dubban mutane suka rasa aiki cikin 1991. Tsohuwar babbar ma'aikatar ta zama kantuna da azuzuwan jami'a, jirgin lantarki na cikin gari yana shiga har tsakar gidanta, ga kuma ginin nan na 1915 mai mita 42 wanda ake lissafa shi dogon bene na farko a Jamus. Idanun kyamarar hoto masu sunan Zeiss da aka fitar tun daga 2006, yawancinsu a Japan aka harhaɗa su. Amma sana'ar shafe ba ta bar garin ba. Cibiyar binciken Fraunhofer da aka kafa a Jena a 1992 tana cikin waɗanda suka gano yadda ake jera shafe wajen hawa ɗari a kan maduban injunan da ke zana ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar hannu, kuma ma'aikacinta Sergiy Yulin yana cikin mutum uku da suka karɓi lambar shugaban ƙasar Jamus ta ƙirƙira a 2020 saboda wannan aiki.

Daga ɗakin taurari zuwa bakin riga

Arewa da tsakiyar gari kaɗan, kusa da lambun itatuwa na jami'a, akwai ɗakin taurari, wani gini mai ƙubba wanda faɗinta ya kai mita 23, inda wata na'ura ke haska surar sararin sama a rufi, mutane suna kishingiɗe suna kallo da rana tsaka. An buɗe shi ran 18 ga Yuli, 1926, kuma cikin irinsa da ke aiki babu wanda ya girme shi a duniya. Ba mai iya ɗaukar hoton cikin ƙubbar nan sai mai faɗin ido. Amma baƙon da ya zo da sanyin Janairu, da ya shigo daga waje cikin ɗumin ɗaki sai ya ga gilashinsa ya yi gumi fari fat, hannunsa kuwa ya kai ga bakin riga tun bai yi tunani ba. A nan ne aikin Smakula yake shiga hatsari.

Dalili kuwa shi ne ido mai faɗin gani ba shi da mafaka. Sauran idanu gilashinsu yana can ciki, ana kuma ɗaura musu wani gilashin kariya mai araha a baki, in ya karce a yar a sayi wani. Shi kuwa irin na Nikon da na Canon ɗin nan gilashin gabansa ya kumburo waje kamar idon kwaɗo, ba wurin ɗaura kariya, sai 'yar malafa gajera da aka haɗa masa, don in ta yi tsawo za ta shiga hoto. Akwai manyan allunan gilashi masu faɗin milimita 150 da ake kafa masa a gaba, amma nauyi da tsada sun sa ba kowa ke yawo da su ba. Bugu da ƙari yana yaudarar mai shi, gama yana nuna abu da nisa alhali yana kusa, mutum ya sa ido a kyamara ya yi ta matsawa, sai ya ji ƙwas, gilashi ya sumbaci bango. Sa'an nan ɗigon ruwa ko shatin yatsa wanda dogon ido zai haɗiye ba a gani ba, a mai faɗin ido fitowa yake yi ɓaro-ɓaro, musamman in an tsuke ƙofar haske ana fuskantar rana. Watau dai mai shi ya fi kowa bukatar tsabtar gilashi, kuma shi ya fi kowa hasara in shara ta yi ɓarna.

Masu gyaran kyamara sun san cewa yawancin shafen da ya lalace a hannun mai shi ya lalace, garin neman gira aka rasa ido. Ƙura da kanta in tana kwance ba ta cin gilashi, 'yar kaɗan ma ba ta fitowa a hoto. Amma cikinta akwai ƙwayoyin yashi, yashi kuwa ya fi gilashi tauri, balle shafen da ke kansa. Ƙyalle ya bi ta kai a bushe, ya zama takardar goge katako ke nan. Wanda zai dawo da irin wannan ido Kano ko Sakkwato ko Damagaram sai ya ninka hattara, gama hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tsakanin Nuwamba da Maris, gari ne mai laushi a hannu amma mai kaifi a gilashi, yana kuwa shiga ko'ina. Ranar hawan salla kuma kofaton doki tsakuwa yake watsawa, mai faɗin ido ga shi dole ya matsa kusa.

Saboda haka hurawa ita ce farko, ba shafawa ba. A kifa gilashin yana duban ƙasa, a hura shi da ɗan famfon roba, ba da baki ba don kada yawu ya biyo. Abin da ya ƙi tashi a taɓa shi da lallausan buroshi wanda yatsa bai taɓa gashinsa ba. In an ga babu maiƙo, to, a tsaya nan, aiki ya ƙare. Sai in akwai shatin yatsa ko tabon ruwa za a kai ga ƙyalle, shi ma irin wanda aka yi domin gilashi, wankakke, ba hankici ko takardar majina ko jelar rawani ba. Ruwan wanke ido a ɗiga shi a kan ƙyallen, kada a zuba a gilashi, don yakan gangara gefe ya shige ciki inda hannu ba ya kai. A fara daga tsakiya a kewayo zuwa baki, da hannu sakwa-sakwa, sau ɗaya, in za a sake a juya wani gefen ƙyallen. Kananzir da fetur da sabulu da ruwan wanke taga ba su da wuri a nan. Shatin yatsa kada a bar shi ya kwana biyu, gama gumi yana da gishiri da maiƙo. Wanda ya yi hoto a bakin teku a Ikko kuwa, feshin ruwan gishiri in ya bushe ƙanƙara yake zama mai kaifi, sai an jiƙa shi da damshin ƙyalle ya narke tukuna.

Maganin gumin gilashi haƙuri ne kawai. Ko daga sanyin Jamus aka shiga ɗaki mai ɗumi, ko daga mota mai na'urar sanyi aka fito cikin zafin damina, a bar kyamara cikin jakarta a rufe har jikinta ya daidaita da na wurin, in kuwa ta riga ta yi gumi a ƙyale ta ta bushe da kanta. Damina tana da nata mugun baƙo, watau fumfuna. In damshin iska ya haura kashi 70 cikin 100 aka bar ido cikin duhu a jakar fata, sai wani abu kamar saƙar gizo-gizo ya tsiro a kan gilashi, yana fid da ruwa mai cin shafe, ko an wanke shi shatinsa yana nan. Akwati mai rufuwa gam da ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan damshi ya isa, a riƙa shanya su, a kuma riƙa fid da idon ana aiki da shi. Murfi kuwa a mai da shi da zarar an sauke kyamara daga fuska, ko da hoto na gaba minti biyu ya rage.

Gaskiya ne shafen zamanin nan ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, har akwai wani hawa na ƙarshe da ake ƙara wa sababbin idanu wanda ruwa da maiƙo ba sa kama shi sosai. Amma in ya karce, ba a yi masa faci. Sai dai a sauya gilashin gaban ɗungum, a sake saita idon da na'ura, ga shi kuma wannan gilashin yana cikin mafiya girma da wuyar ƙira a jikinsa. Ƙaramin karce guda ba ya hana aiki, sau da yawa ba a ma ganinsa a hoto. Dubban ƙananan layukan da goge-goge ke bari su ne ke mai da hazon da aka kora a 1935.

Tsofaffin Flektogon na Jena har yanzu suna yawo a kasuwar kayan hannu, masu sha'awa suna saye suna ɗaura su a kyamarorin zamani da wani zobe. Mai saye da ya san abin da yake yi ba ya tsayawa ga kyawun fenti. Buɗe ƙofar hasken yake yi gaba ɗaya, ya haska tocila ta baya, ya karkata gilashin yana duba ta gaba. Wani ya shekara sittin amma shunayyarsa tana nan lumui, sai 'yar ƙura a ciki. Wani kuma jikinsa sabo ƙal, lambobinsa ba su ko dushe ba, amma tsakiyar gilashin ta yi fari da zagayayyun layuka, a nan ne ciniki yake faɗuwa.